Wasiƙar da ban karanta wa matuƙiyar jirgi ba

Shekara huɗu na yi ina kula da tsohuwar a gidanta na Takoma Park. Ejensi ce ta tura ni, irin masu samar wa tsofaffi mai taimako a gida. Kafin nan motar kai kaya nake tuƙawa, har bayana ya fara ciwo. Abokin zamana, wani ɗan Kumasi da muke haya tare a Silver Spring, shi ya sa ni a hanyar aikinsu, shi kuma ya cika mini takardu. Ni dai na sa hannu inda ya ɗora yatsa.

Na yi allo a Maradi, ina karanta Alƙur'ani, amma ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Turanci a kunne na ɗauke shi, wurin masu karɓar kaya da rediyon mota. A takardar ejensi kuwa an rubuta ina karatu ina rubutu, domin ba a ba da aikin nan ga wanda ba zai iya karanta kwalbar magani ba. Sai na yi dabara. Ranar farko na sa malamar asibiti ta nuna mini magungunan ɗaya bayan ɗaya, kamar ina tabbatarwa ne, da ta fita na ɗaura wa kowace kwalba zare: ja na safe, fari na rana, baƙi na yamma. Cikin shekara huɗu ban taɓa kuskuren ƙwaya ɗaya ba.

Tsohuwar ta haura tamanin. 'Yar ƙarama ce, idan na ɗaga ta daga kujera zuwa mota kamar na ɗauki damin kara. Idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, haske da inuwa kawai take gani. Ina ce mata Madam. Wata rana da na ji tarihinta na ce mata Kyaftin, ta juyo da fuska wajen muryata.

"Kada ka ƙara," in ji ta. "Ko igiya ɗaya ba su taɓa ɗaura mini ba."

A mako na biyu muna kan hanyar asibiti ta ce, "Direba, tayarka ta baya ta hagu ba iska."

Na ce, "Madam, da safe na duba."

"Da ido ka duba. Ni da ƙugu nake ji. Tsaya gidan mai."

Na tsaya don kada a ce na yi gardama da babba. Ƙusa ce a ciki.

Daga ranar ta fara ba ni labari. Tana budurwa lokacin yaƙin duniya na biyu ta koyi tuƙin jirgi, sojan sama suka ɗauke ta. Aikinta gwaji ne. Idan makanikai sun gyara jirgin yaƙi, ko injiniyoyi sun canza masa wani abu, dole wani ya fara tashi da shi a ga ko zai dawo. Mazan ana tattalinsu don fagen fama, sai a ce ta hau. Tana ɗaure ɗan littafi a cinya, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana rubuta abin da jirgin ke yi. Bayan hannunta na hagu duk tabon ƙuna ne, daga ranar da hayaƙi ya cika mata ɗakin tuƙi, ta ƙi dirowa da laimar sauka, ta sauko da jirgin don a ga inda wutar ta fara. Da yaƙi ya ƙare aka sallami sauran mata. Ita aka riƙe ta wasu shekaru, saboda babu mai kunnenta. Amma a tsarinsu babu gurbin mace matuƙiya, sai suka rubuta ta a matsayin ma'aikaciyar ofis.

"A takarda ni mai buga tafireta ce," in ji ta. "Tafireta mai fiffike."

Labarin da ta fi maimaitawa na wani babban injiniya ne. Ta sauko ta rubuta cewa wutsiyar jirgi tana karkarwa idan an yi ƙasa da gudu. Ya zo ya tsaya a kanta, ya ce ta goge, manya suna jiran jirgin, wataƙila hannunta ne ke rawa, abin mata. Ta miƙa masa hularta ta ce ya hau ya gwada da hannun maza. Bai hau ba.

"Aikin ke nan gaba ɗaya," ta ce mini. "Ka faɗi abin da ka gani. In ka rubuta lafiya lau don wani ya ji daɗi, gobe ɗan wata zai mutu a ciki."

Duk tashin da ta yi yana rubuce cikin littattafai uku masu baƙin bango, da ranar, da lambar jirgi, da sa hannun hafsan da ya tura ta. Suna cikin aljihun tebur na ɗakinta. Duk Juma'a idan na goge ƙura sai ta ce in miƙo mata. Ba ta ganin komai a ciki, shafawa kawai take yi.

Buri ɗaya ya rage mata: a gyara takardar kafin ta mutu. Ba ta neman a ƙara mata komai, kalmar nan ta ma'aikaciyar ofis kawai take so a canza. A shekara ta uku ta sa na kai ta wani ofishin gwamnati a unguwar Southwest, cikin manyan gine-ginen nan masu kama da juna. Na tura ta a keken marasa lafiya, aka caje mu, muka jira awa biyu. Wani saurayi mai taye ya karɓi takardunta yana ɗaga murya kamar da kurma yake magana.

"Kaka, ke da kanki kika tuƙa jirgi? Kai, madalla!"

"Kafin a yaye ubanka," in ji ta. "Rubuta abin da na gaya maka."

Ya ce za su aiko da amsa ta gidan waya.

Wata bakwai muna jira. Kullum da azahar idan ta ji ƙarar murfin akwatin wasiƙa sai ta ce, "Direba, duba." Takardun talla nakan gane su da hotuna. Kuɗin wuta da ruwa ɗan ƙanenta ke biya daga can wata jiha, takardunsu ba sa zuwa gidan. Don haka ban taɓa shiga tsaka mai wuya ba sai ranar da ambulan mai hatimin gwamnati ya zo. A makon ba ta da lafiya, tari ya hana ta abinci, likita ya ce a kula da zuciyarta.

Ta shafa hatimin da yatsa, ta miƙo mini. "Buɗe. Karanta mini."

Takarda ɗaya ce, rubutu ya cika ta har ƙasa. Na tsaya ina kallonta. Idan na ce ban iya ba, gobe ejensi ta ji, aikina ya tafi, na abokina da ya cika mini takardu ma ya tafi. Wannan shi ne na farko, ba zan ɓoye ba. Na biyu kuwa, a raina na riga na yanke cewa sun ƙi. Yaushe gwamnati ta taɓa cewa ta yi kuskure? Kuma a wurinmu ba a kai wa tsoho mara lafiya mugun labari tsirara. Lokacin da wana ya rasu a Agadas, kwana uku ana ce wa mahaifiyarmu jikin da sauƙi, har aka tara mata mutane. Haka na tashi na gani, kuma a wurina tausayi ne.

Na ce, "Madam, sun ce suna kan dubawa. Ki ƙara haƙuri."

"Shi ke nan? Na ji takardar da tsawo."

"Sauran gaisuwa ce."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Gwamnati ta koyi gaisuwa, lallai na tsufa." Da ta sha ruwa ta ce, "To, muna jira. Kai kaɗai ne ba ka rage mini magana. Likita ma sai ya zagaya."

Na ninke takardar na sa a aljihu.

Da na koma gida na tarar da abokina yana cin waake da shito, shinkafa da wake da yaji irin na garinsu. Takardar tana aljihuna, ban fito da ita ba. Na dai tambaye shi, wai idan mutum ya nemi abu wurin gwamnatin ƙasar nan, yaya amsar take zuwa?

"Alhaji likita, kai ma ka fara neman muƙami?" in ji shi. "Ai a ambulan ake ganewa. In sun yarda za ka ga ya yi ciki, takardu rututu. In siriri ne kamar kai, sun ce a'a, ka je ka sha ruwa."

Maganar ta yi mini daɗi. Da a ce na miƙa masa, da minti ɗaya ya isa. Amma muddin ban san abin da ke ciki ba, ina iya ce wa kaina ba ƙarya na yi ba, hasashe ne. Na sa takardar cikin jakar da nake ajiye fasfo. Rubutu ba a jefa shi a shara, wannan ma tun allo na sani.

Ta ƙara wata tara a duniya. Ba ta fasa cewa, "Direba, duba" ba. Wani lokaci ina tunani, matar da ke jin taya a ƙugu, ta yaya ba ta ji muryata ba ranar nan? Ko dai ta ji ta ƙyale ni. Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Da ta rasu ɗan ƙanenta ya zo, mutum mai fara'a mai sauri. Kwana uku ya ba gidan. Aka kawo ƙaton akwatin shara na ƙarfe aka ajiye a ƙofa. Ya roƙe ni in taya shi, na taya. Da muka zo kan aljihun tebur na fito da littattafan uku.

"Yallaɓai, waɗannan na jirginta ne. Tana ji da su."

Ya buɗe ɗaya ya kaɗa shafuka. "Lambobi ne kawai. Hotuna zan ɗauka, sun isa."

Dokar ejensi ce, ma'aikaci ba ya fita da ko cokali daga gidan da yake aiki, ko an ba shi. Na taɓa ganin an kori wata mata a kan agogon bango. Ban roƙa ba. Ni na sa su a kwali tare da tsofaffin mujallu, ni na ɗauki kwalin, ni na jefa.

Bayan wata biyu na shiga ajin manya na ranar Asabar da safe, a ƙasan wani ɗakin karatu a Silver Spring. Mu goma sha wani abu ne, yawanci mata masu aikin otal. Ina da shekara arba'in da bakwai ina bin baƙaƙe daga hagu zuwa dama, hannuna yana ta son komawa ɗaya gefen. Ban gaya wa malamar dalilina ba. Na yi wa kaina alkawari babu wanda zai karanta mini takardar nan, ni zan karanta. Shekara biyu na yi. Nakan fito da ita in gane kalma biyu ko uku in mayar, don tsoron kada in haɗa su ba daidai ba.

Ranar da na karanta ta duka, a bencin tashar bas nake, bayan an tashi aji, da ƙaramin ƙamus a cinya. Bas uku suka wuce ni. Ashe mutanen ofishin ba su ƙi ba. Sun ce sun bincika, sun ga alamar maganarta gaskiya ce, amma nasu takardun na lokacin ba su cika ba. Ta kawo littattafan tashinta na asali cikin kwana sittin, su duba sa hannun hafsoshin, su gyara. In ba ta kawo ba za su rufe fayil.

Kwana sittin. A cikinsu sau takwas na goge ƙurar teburin nan, sau takwas na miƙa mata littattafan ta shafa. Daga gidan zuwa ofishin bai kai tafiyar awa ɗaya ba.

Ranar Litinin na ɗauki hutu na hau jirgin ƙasa na Metro zuwa Southwest. Saurayin nan ba ya nan, wata mata ce mai tabarau. Ta karanta takardar, ta duba kwamfuta.

"An rufe wannan da daɗewa. Kai ɗan'uwanta ne?"

"A'a, ranki ya daɗe. Ni ke kula da ita."

"Dangi ne kawai ke iya neman a sake buɗewa. Littattafan suna hannunsu?"

"A'a."

"Suna hannunka?"

"An zubar."

Ta cire tabarau ta dube ni, ba da faɗa ba. "To, me kake so in yi maka?"

Na ce ina so a san ta tuƙa jiragen. Ta ce ta yarda, ta kuma yi mini ta'aziyya, amma ita abin da ke takarda take aiki da shi. Ta miƙo mini wasiƙar, ta kira lamba ta gaba.

Na buga wa ɗan ƙanen waya sau biyu. Na farko ya saurare ni har ƙarshe, ya ce kada in damu kaina, ta yi rayuwa mai kyau. Na biyu bai ɗauka ba.

A jakar fasfo akwai wata takardar kuma, ɗan katin da aka raba ranar jana'izarta, da hotonta tana murmushi. Shi ma na ajiye shi ban san abin da ke ciki ba. Bayan na dawo daga Southwest na fito da shi. Wannan bai ba ni wahala ba, ko ƙamus ban buɗe ba, layi huɗu ne. An rubuta cewa ta yi aikin ofis a rundunar sojan sama shekaru da dama, kuma tana son jirage.