Ranar da Na Kai Ba-ruwanka Ruga

Kaka ce, an gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran ranarta. Bana shekara ce mai sauƙi. Ruwa ya zo da wuri, ya ɗauke cikin mutunci, hanya kuma ta ɗan lafa har mutane sun fara fita da sakin fuska. Ni shekara uku rabona da in wuce Kaura Namoda. Shi ya sa da tafiyar nan ta taso, tun ana saura kwana biyu na ɗaure kayana, ina kwancewa ina sake ɗaurewa kamar yarinya. Ku 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci kun ce in rubuto muku yadda aka yi, to ga shi.

Dalilin tafiyar kare ne. Muna da wani jan kare mai tsagaggen kunne, wanda maigida ya kawo yana ɗan kwikwiyo don gadin tumaki. A lokacin maƙwabcinmu, malamin Islamiyya, kullum sai ya yi maganar karen ta kan katanga. Maigida bai taɓa mayar masa ba, sai dai ya raɗa wa karen suna Ba-ruwanka. Ni kuwa kun san ni da kunya. Shekara shida ina ba shi ɗumame da ruwan fura, ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Sai dai in ƙwanƙwasa kaskonsa ya zo.

Bana maigida ya sayar da tumakin saboda ciwon ƙafar da ke damunsa, malam kuma ya ƙara aji a jikin katangarmu, ƙananan yara suna tsoron wucewa. Gaskiya tana wurin malam. Maigida ya yi masa alkawarin raba karen da unguwa kafin wata ya mutu. Masu sayen karnuka suna kai su kudu har sun zo sun leƙa sau biyu, kuma kowa ya san abin da ake yi da su can. Ana cikin haka ɗiyata da ke aure a ruga, gefen Badarawa, ta bugo waya ta ce karensu ya mutu, dila yana ɗauke musu 'yan raguna. Amma surukinta, Ardon rugar, ya ce ba ya karɓar karen gari sai ya gani da idonsa, don karen gari korar maruƙa yake yi. In ya ƙi shi, babu inda ya saura sai motar kudu.

Mun tashi da asuba ran Alhamis, ni da ƙawata da muke zama benci ɗaya a aji. Wani ɗan uwan maigida da zai kai gero Kaura ya ɗauke mu daga Kasuwar Daji. Karen bai taɓa shiga mota ba. Da ta motsa sai ya baje ƙafafu huɗu a kan buhu, ya zuba mini ido kamar mai neman bayani. Kafin mu yi nisa ya gano daɗin iska, ya miƙa wuya, kunnen nan mai tsaga yana kaɗawa. Ni ma haka nake ji a raina, kunya ce kawai ta hana ni miƙa nawa wuyan.

A tashar Kaura aka fara. Motocin Shinkafi cike suke saboda ranar kasuwa ce, kuɗin mota kuma ya tashi sosai a kan yadda na san shi. Duk motar da muka nufa, sai maza su tattare riguna, mata su ja zane, kowa yana tsoron yawun kare ya taɓa shi ga sallah a gaba. Ban ga laifinsu ba, ni ma haka zan yi. Direba uku suka ƙi mu. Muka koma gindin wata bedi, muka sayi ƙosai da kunu da hoce mai zafi, wainar dawar nan da ake gasawa. Hocen Kaura har yanzu yana nan da ɗan tsaminsa, sai dai ya ƙanƙance, biyu ne yanzu suke yin ɗaya na da.

Muna nan sai ga wani dattijon direban a-kori-kura, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya lodo buhunan gishiri. Ya tsaya ya gaishe mu da ladabi. Ni kuma garin amsa gaisuwa igiya ta suɓuce mini, karen ya nufi teburin mai nama kai tsaye, mai nama ya ɗaga gora. Babu kaskon da zan ƙwanƙwasa. Ƙawata ta dafa ni ta ce in kira shi mana. Daidai nan direban ya ce, "Hajiya, wanga kare ina za a kai shi?"

Na buɗe baki na ce, "Ba-ruwanka."

A hankali na faɗa, yadda na saba magana. Karen bai ji ba, direban ne ya ji. Bawan Allah ya ja da baya, ya ce, "Allah shi ba ki haƙuri, Hajiya, tambaya ce kawai." Ƙawata ce ta ruga ta taka igiyar, ta dawo tana haki tana dariya, ta yi masa bayani. Da ya gane, sai da ya dafa mota don dariya. Ya ce shekara talatin yana tuƙi, an zage shi da Hausa, an zage shi da Fillanci, amma ba a taɓa zaginsa da kare ba. Ya kira abokan aikinsa ya ba su labari, ni ina tsaye na rufe fuska da mayafi. Ƙarshenta ya gyara mana wuri a baya tsakanin buhuna, ya ce karen ya hau kyauta, sunansa ya biya masa.

Hanyar Shinkafi ta ba ni sha'awa ƙwarai. Kwalta wani wuri sumul, wani wuri ramuka har sai ka riƙe haƙoranka. Dama da hagu dammunan gero ne a jingine, raƙuma suna ɗauka, mata suna roron wake. A ƙauyukan ƙasar Zurmi an jera kankana da rake da dafaffiyar gyaɗa a bakin titi, kuma sun fi na wajenmu araha nesa. Mun wuce wasu gidaje da aka bari babu kowa, ciyawa ta cinye ƙofa. Nan kowa a motar ya yi addu'arsa a ciki. Can gaba kaɗan sai ga wasu sun dawo suna sabon jinka, ana ta miƙa ciyawa sama, wata mata tana dama musu fura. Na daɗe ina waiwayensu.

Shingen jami'an tsaro kuwa sun fi a ƙirga. A ɗaya daga ciki wani jami'i ya leƙo bayan mota, ya ga kare zaune a kan gishiri kamar shi ya yi lodin. Ƙawata ta matso kunnena ta ce, "Don girman Allah, nan kam kada ki kira shi." Jami'in ya tambayi sunansa. Na ce, ranka ya daɗe, Ja muke ce masa. Allah ya yafe mini, amma ai ja ne.

Mun sauka Badarawa da hantsi. Mijin ɗiyata ya tarye mu, muka taka ta cikin gonakin da aka girbe. Rugar tana kan wata gona da mai ita ya ba su su zauna shanu su zuba masa taki. Bukkoki ne na kara guda tara ko goma, ƙorai a jere fes a kan gado, warin nono da hayaƙi da kashin shanu, irin warin da in ka shaƙa sai ka ji yunwa. Ɗiyata ta fito da goyo. Jikan nan ban taɓa ganinsa ba sai a hoton waya. Ta sunkuyar da kai, ni dai na karɓe shi na ji nauyinsa. A nan kam alƙalamina ba zai iya ba.

Bayan an sha nono, aka ce Ardo yana jira. Dogon tsoho ne siriri, yana zaune a kan buzu a inuwar gawo, maza biyar-shida kewaye da shi. Na durƙusa daga nesa kamar yadda ya kamata tsakanin surukai, muka gaisa, idona a ƙasa. Ya ce a kwance karen. Maruƙa suna ɗaure a igiyarsu can gefe, guda ɗaya ƙarami yana sake.

Aka kwance. Ya shinshina ƙasa, ya zaga, ya shinshina sandar Ardo. Sai ɗan maraƙin nan ya yi tsalle ya ruga da wasa. Karen ya ɗaga kunne, ya bi shi a guje. Na ga wani saurayi ya ɗaga sanda, na ga uwar maraƙin ta sunkuyar da ƙaho. Motar kudu ta faɗo mini a rai. Ardo ya juyo gare ni a natse ya ce, "Uwar ɗiya, shin wanga kare naku yana jin magana kuwa?"

Na miƙe tsaye a gaban surukina, na buɗe murya irin wadda ban san ina da ita ba.

"Ba-ruwanka!"

Karen ya ja birki har ƙasa ta tashi. Ya juyo, ya dawo da sassarfa, ya kwanta a gabana ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Matan da ke daka suka tsaya da taɓarya a sama. Ɗiyata ta rufe baki da hannu biyu. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Ƙawata ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba Ardo, sunan karen ke nan."

Tsohon ya dubi karen, ya dube ni. Kafaɗunsa suka fara rawa kafin dariyar ta fito. Da ya natsa ya ce karen da kira ɗaya ke tsayar da shi yana tsakiyar gudu, ba a mayar da shi. Ɗansa ya ce to sai a sake masa suna. Ardo ya girgiza kai ya ce, "A bar mashi abinshi. Akwai mutanen da na daɗe ina son in hwaɗa ma haka, ban samu hanya ba."

Kwana biyu muka yi. Na ci tuwon gero da man shanu har na ji kunyar kaina, na yi wa jikana wanka, na koya wa ɗiyata yadda ake ƙwanƙwasa kasko. Ta ce ita sunan za ta riƙa kira, Ardo ya ba da izini. Ran da za mu taho, karen ya raka mu har bakin gona. Na ɗauka zai biyo ni, har na fara tunanin yadda zan kore shi. Sai tumaki suka fito kiwo, ya dube ni, ya dube su, ya bi su. Na ji zafi kaɗan, daɗin ya fi yawa.

Sai da muka fara leƙa Shinkafi, na sayo wa maigida man shafawa don ƙafarsa, muka iso gida kafin la'asar. Da na ba shi labari ya yi dariya har tari ya kama shi. Abin da na koyo a tafiyar nan, 'yan uwa, ƙasarmu tana nan da kyanta da mutanen kirki, tsoro ne ya rufe mana ita. Kuma ni da nake ganin ƙasa-ƙasa da murya shi ne dukan mutunci, na ga ranar da ɗaga ta ya ceci rai.

Washegari da safe na ɗumama tuwo, na ɗebi na karen na nufi bayan rumbu, har na ƙwanƙwasa kasko kafin in tuna. Malam ya ji ƙarar, ya yi sallama ta kan katanga ya ce, "Maƙwabciya, ina labarin karen naku?" Amsar nan ta zo mini har bakin harshe, ga shi yanzu na iya faɗinta da ƙarfi. Na haɗiye ta na ce, "Ya samu aiki, Malam." Sannan na wanke kaskon sau bakwai, na farko da ƙasa, na cika shi da ruwa na ajiye wa kaji.