Keken Anti Mubaraka da Man Gyaɗa

Anti Mubaraka tana da jika biyu ta koyi hawa keke. A filin ajiye motoci na gidajen hayarmu, bayan titin Gate City Boulevard a nan Amurka, ta koya, ta tattare hijabi ta ɗaure a ƙugu, da wando a ƙarƙashin zani. Teburin karatuna yana jikin taga a bene na biyu, don haka duk faɗuwar da ta yi a kan idona aka yi ta. Ban taɓa ganin ta waiwaya ta duba ko ana kallonta ba. Sai dai ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa ta sake hawa.

Daga Zariya ta zo jinyar matar ɗanta Faruk da ta haihu. Zama ya miƙe, ta sami aikin ninke zannuwan gado a wani otal. Jiran bas ya ishe ta, jiran Faruk ya taso daga wurin aikinsa na titin Wendover ya fi isar ta. Da wata ɗaliba mai suna Yasmina za ta bar gari, sai ta karɓi tsohon kekenta, shuɗi mai kwando a gaba. Tun daga nan ba ta ƙara tambayar kowa yaushe zai kai ta ba.

Mace ce mai tsabta har ta ban tsoro. Gindin tukunyarta za ka iya duba fuskarka a ciki. A gidansu na Zariya, in an wanke kayan ƙarfe sai a bi su da ɗan man gyaɗa a tsumma, su yi ƙyalli, tsatsa kuma ba ta kama su. Haka ta ɗauki keken. Kowace Asabar ta dirje shi da soson ƙarfe, ta zuba bilic a ruwan ɗauraya, sannan ta shafe shi da man gyaɗa tun daga hannu har ƙarfen taya, daidai inda robar birki take kamawa. Keken yana walƙiya kamar kayan amarya. Ni ma daga sama sha'awa yake ba ni.

Wata Litinin da safe, a gangaren da ke fita babban titi, ta matse birki, keken ya ci gaba da tafiya. Motoci na wucewa a gabanta. Ta karya kan keken ta faɗa cikin shingen furanni. Ta tsira da targaɗe a wuyan hannu.

Da yamma Faruk ya zo da sarƙa da kwaɗo ya ɗaure keken a jikin matakalarmu.

"Mama, please. Ya isa haka. Ni zan riƙa kai ki."

"Kai da ba ka tashi sai an yi maka kiran sallah uku?"

"Saura kaɗan mota ta kwashe ki. Me zan ce wa mutanen gida?"

"Ka ce musu uwarka ta iya keke."

Bai yi dariya ba. Ya jefa makullin a aljihu ya hau sama.

Kwana kaɗan bayan haka ta ƙwanƙwasa ƙofata, abin da ba ta taɓa yi ba. A hannunta akwai leda, a ciki robobin birki ne da ta kwance da kanta da hannu ɗaya.

"'Yata, zo ki ara mini bakinki. Turancina na wurin aiki ne, bai kai na keke ba."

Muka shiga bas zuwa cikin gari, muka sami wani shagon gyaran keke kusa da Elm Street. Mai gyaran, wata mata mai furfura, ta juya robar, ta kai hanci, ta ɗago tana tambaya ko gyaɗa take ji. Anti ta amsa da alfahari cewa mai kyau ce ma. Matar ta yi bayani ina fassarawa. Mai kowane iri ne, in ya taɓa birki ya kashe shi, kuma robar da ta sha mai sai dai a jefar. Bilic yana cin ƙarfe, yana busar da roba. Soson ƙarfe yana kankare fenti ya buɗe wa tsatsa hanya. Sabulun wanke-wanke kaɗan a ruwan ɗumi ya wadatar. Kada kuma a taɓa haɗa bilic da ruwan khal.

"Wannan na sani," in ji Anti. "Tun ranar farko aka ja mana kunne a wurin wanki."

Da matar ta ce a goge ƙarfen taya da sifirit na kemis, wanda dangin barasa ne, Anti ta ɗaga kafaɗa.

"To, ba sha zan yi ba."

Asabar ta zagayo, keken yana nan a ɗaure. A haka ta wanke shi. Na sauko na zauna a matakala, na kasa komawa kan littafina. Bokiti biyu ta ajiye, tsummoki uku, kowanne da aikinsa: na jiki, na kaca, na birki. Na birkin fari ne tas, a cikin leda ta ɓoye shi don kada ya haɗu da sauran. Ta ɗiga sabulu a ruwa. Ta fara daga sirdi ta gangaro, kamar mai yi wa jariri wanka. Da tsohon buroshin haƙori ta bi kaca gaɓa-gaɓa. Ba ta watsa ruwa da ƙarfi ba, da kofi ta riƙa zubawa a hankali, tana kare cibiyar taya da tafin hannu. Ta tsane komai. Ta ɗiga man kaca da ta sayo a shagon, ta share rarar. Sai ta wanke hannunta har gwiwa, ta ɗauko farin tsumman da sifirit, ta yi ta zagaya ƙarfen taya har tsumman ya daina yin baƙi. Ta ɗaura sababbin robobi.

Keken bai yi ƙyallin da ba. Ta ja yatsa a kan ƙarfen, ya yi ƙara ƙiii. Ta yi murmushi.

"Faruk! Sauko da makullin nan."

Ya sauko da silifas, ɗansa a kafaɗa.

"Mama, mun gama wannan maganar."

"Je ka tsaya a ƙarshen gangaren can. In na wuce ka, ka sayar da shi. Ba zan ƙara cewa komai ba."

Ya dube ta, ya dubi hannunta mai bandeji. Ya miƙo mini yaron, ya buɗe kwaɗon, ya taka zuwa ƙasa ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ware hannuwa kamar mai tare akuya.

Ta yi bismilla ta hau. Iska ta cika hijabinta. Na ƙanƙame yaron. Keken ya ɗauki gudu, ya wuce shingen furannin da har yanzu akwai gurbin faɗuwarta a jiki. Sai na ga yatsunta sun lanƙwashe a hankali. Keken ya rage, ya rage, ya tsaya cak, tayar gaba ba ta ko taɓa silifas ɗinsa ba. Ta sauke ƙafa ɗaya ta kaɗa masa ƙararrawa.

Faruk ya sauke hannuwansa. Ya sunkuya ya matsa birkin da hannunsa, ya tura keken, keken ya ƙi motsi. Ya hauro ya tattaro sarƙar da kwaɗon daga matakala, ya zuba mata su a kwando, ya ɗora makullin a kai.

"Ki riƙa ɗaure shi a wurin aiki. Ana sata."

Man gyaɗan ya koma kicin. Ranar Litinin da hantsi ina taga na ga shuɗin keken ya gangara, ya tsaya a bakin titi, ya jira motoci suka wuce, sannan ya shiga.