Baiwar Gidanmu

A gidanmu na High Point Road, a Amurka, babu murhun da za a kewaye. Wata ƙaramar hita ce Kaka ke jawowa gaban ƙafafunta bayan magariba, kafin Mama ta dawo daga aiki a Wendover. Daga Maraɗi Kaka ta zo, kuma kowace tatsuniya da abu ɗaya take buɗe ta: "Ga ta nan, yadda Tasalla baiwar gidanmu ta ba ni."

Na fi tuna ta ragon da ya shekara a turke. Ran da aka yanke igiyar, maimakon ya gudu sai ya ci gaba da zagaya turken, har kura ta tsaya tana kallo, ta manta da yunwa. Mu yara dai dariya muke yi. Na lura Kaka ba ta yi.

Ina aji biyar muka karanta yaƙin basasar Amurka, yadda Kudu ta ɓalle don kada a taɓa mata bayi, Arewa ta ƙi. Malama ta ce kowa ya rubuto wani abu kan kakanninsa, ya karanta gaban aji. Ni da ko suna aka kira sai muryata ta shige ciki. Na zaɓi Tasalla. A Islamiyya na koyi cewa baiwa kyauta ce daga Allah, don haka na rubuta da Turanci cewa ita ce kyautar gidanmu.

Da na fassara wa Kaka, sai ta ajiye carbi.

"Ke jikalle, wane lakwal ne wannan, me suke koya muku? Buɗe kunne." Ta faɗi kalmar sau biyu, murya ta bambanta kaɗan. "Waccan Allah ke bayarwa. Wannan a kasuwa kakana ya sayo ta."

"To, ina iyayenta?"

"Ban sani ba."

"Ba ki tambaye ta ba?"

Ta gyara zani. "Ba a tambaya."

Kusa da ni a aji Renee ke zama, ƙawata guda ɗaya tak, wadda ta riga ta gaya mana an sayar da kakar kakarta a wannan jihar. In na bar takardar yadda take, ba wanda zai gane. In na gyara, ban san ko za ta ƙara ajiye mini kujera a wurin cin abinci ba.

Na goge kalmar har takardar ta huje, na rubuta ta gaskiya. Washegari na karanta ina kallon takalmina.

Kwana uku Renee ba ta yi mini magana ba. A na huɗu ta turo mini tirenta ta ce, "Tasalla. Koya mini faɗinsa daidai."

Sai da na girma na gane abin da ta nema. Su Renee sun yi shekaru suna neman sunan tasu kakar ba su samu ba. Mu muna da suna a baki kullum, ba mu taɓa tambayar ko shi uwarta ta raɗa mata ba.