Komai Orijina

A shekarun da arzikin mai ya ɓarke a gida, ina Landan ina kwas ɗin aikin gwamnati, ni da matata, a wani ɗan fulat a Catford. Yayanta ɗan kwangila ne a Kano, duk bayan 'yan watanni sai ya diro. Shi ya tsaya aka ba ni ita lokacin da sauran dangi suke ta jan ƙafa, don haka a gabansa ko tari ba na yi da ƙarfi.

A wani zuwa da ya yi ya hango wata tsohuwar motar tsere a unguwar Barking, koriya, kujera biyu, ba rufi, gizo-gizo har ya yi saƙa a sitiyarinta. Nan take ya saya. Ranar da zai tashi ya damƙa mini makullin.

"Amana ce na bar maka," in ji shi. "A gyara ta tsaf kafin na dawo, na riga na yi booking ɗin jirgin ruwa. Komai a sa orijina, ban da kwance."

"In Allah ya yarda, Yaya."

A wurinmu kowa ya san orijina. Sabo ne fil, a kwalinsa, daga kamfani. Kwance kuwa shi ne wanda aka ciro daga jikin wata mota.

Aka yi mini kwatancen wani tsohon Bature mai gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ya zagaya motar sau biyu yana shafa ta. Da na ce masa mai ita yana son komai orijina, sai ya ajiye kofin shayinsa, ya sa na maimaita, ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa. Ni dai ban taɓa ganin makaniken da ya yi murna don an hana shi sa kwance ba. Tun daga ranar na sa masa ido.

Babana direban babbar mota ne, kuma abu ɗaya ya koya mini game da gareji: duk abin da ka ce a canza, ka yi masa alama. In ka dawo ka tarar da alamarka, wanke shi kawai aka yi da fetur. Na ɗauko jan farcen matata, wanda take shafawa in tana fashin salla, na fake da cewa na manta takardu a motar. Kafireta, lagireto, bayan fitilu, ƙasan sitiyari, kowanne na ɗiga masa ja.

"Malam, ka ƙarar mini da kwalba a kan tsohon mutum," in ji ta.

"Tsufa ai ba ya hana son banza," na ce.

Wata biyar duk Asabar ina garejin. Jirgi yana wucewa a samanmu, gwangwanaye suna rawa a kan kanta, ni ina kan wata taya ina lura. Ban taɓa ganin sabon kwali ya shigo ba. Abin da nake gani shi ne tsohon ya dawo daga wajen gari da wani ƙarfe mai tsatsa a naɗe cikin jarida, yana ta fara'a kamar an yi masa haihuwa. In ya ba ni shayi sai in ce a raina toshiya ce. In ya yi mini bayani mai tsawo sai in ce yana ɗaure ni da jijiyata ne. Haushinsa nake ji sosai, musamman da yake aikin yana kyau.

Saura kwana uku Yaya ya iso aka ce an gama. Motar tana sheƙi, injin yana kiɗa lafiya lau. Na sa tsohon ya buɗe boneti, na sunkuya. Ga jan ɗigona a jikin kafireta. Ga shi a lagireto. Na leƙa ƙasan sitiyari, yana nan daram. An goge ko'ina tas, amma an zagaye ɗigon an bar shi.

Na miƙe, na gaya masa abin da ba zan maimaita ba. Kalmar ɓarawo tana ciki.

Bai ɗaga murya ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce ya ga alamomin tun makon farko, ya san ni na sa. Ya ce shi ya sa ya yi ta lallaɓawa kada su goge, don in na zo in tabbata kayan da motar ta fito da su daga kamfani ba wanda ya taɓa, kamar yadda na nema. Waɗanda suka mutu murus ne kawai ya yi ta yawo yana nemo 'yan uwansu na shekararsu.

"Ai orijina ka ce," in ji shi.

Sai a lokacin na gane. A bakin Turawa orijina shi ne na asali, wanda aka ƙera motar da shi. Na tambaye shi ko za a iya sa sababbi cikin kwana uku. Ya ce an daɗe da daina ƙera irinta, sabon ma babu shi. Kunya ta rufe ni, na ba shi haƙuri, ya ɗaga kai kawai ya ci gaba da goge hannunsa.

Yaya ya iso da babbar rigarsa da kwat a sama. Ya zauna a motar, ya shafa katakon gaban direba, ya tsaya a kan wani tsohon tsagu da aka cike aka goge. Ya murza sitiyarin, ya shinshina fatar kujera.

"Wannan ai kayanta ne na da."

Na shiga bayani. Na ce a nan orijina ba sabo ba ne, na ce kamfanin ya daina yi, na ce masana sun fi daraja ta a haka. Gaskiya ce tsantsa, amma ni kaina da nake jin ta tana fita daga bakina, na san yadda take sauka a kunne. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"To," in ji shi. "Kai da shi kun fahimci juna ke nan."

Ya zare makullin ya sa a aljihunsa, ya ce wani yaronsa da ke Charing Cross zai kula da sa ta a jirgin ruwa. Bai ƙara aikena ko sayen agogo ba har na bar ƙasar, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

A ranar, da Yaya ya fita daga garejin neman tasi, tsohon ya matso. Ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya.

"Bai yarda da kai ba," in ji shi.

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani.

"Na san kallon. Wata biyar kana yi mini shi."