Rediyon Kawu Ba Ya Mutuwa

Jiya iska ta karya reshen gawon da ke garkar Kawu a Tama, wayar rediyonsa da ke rataye can ta faɗo. Ɗiyansa suka taru za su ƙona rediyon da ya haɗa, har da littafin da ya koyi haɗin a ciki, wai shekara guda da rasuwarsa abin bai daina magana ba. Na ce duk mai ƙarfin hali ya taɓa.

Ni na karanta masa littafin nan. Da furfurata na shiga lakkwal, makaranta ta manya, Faransancina na ɗingishi, shi kuwa hotuna kawai yake bi. Rana tsaka, warin albasa na tashi, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, yana naɗa jar waya a jikin kwalba. Babu pil, wato batir, babu wurin kashewa. Ya jefa wayar bisa gawo, ya manna min abin saurare a kunne.

Wata mata ce can nesa, tana waƙa da harshen da ban sani ba. Na ɗago na dube shi.

"Kawu, wacece wagga?"

"Ɗiyata, sararin ga cike shike da mutane. Mu na ba mu da kunne."

Jiya ɗin na kwaso kayan na kawo ɗakina. Yau da hantsi na rataya wayar, na saurara. Ƙarƙashin shuuu ɗin akwai numfashi, mai ɗan fito ta hanci, irin nasa in yana naɗi. Ban cire abin daga kunne ba.

Allah Ya sa inda kake, Kawu, muryar rahama kaɗai kake ji.