Mama Marthe, mai auna huhu da tef ɗin tela

Jama'ata, ina gaisuwa! Ku matso, yau labari na kawo, ba tsokana ba. To, da 'yar tsokana kaɗan.

Kullum da safe Mama Marthe ke riga kowa shiga ɗakin tiyata a asibitinmu na Garwa. Ita ke sa mutum barci, ita ke tsare na'urar da ke yi masa numfashi har likita ya gama. Kafin ta ce wa kowa bonjur sai ta gaisa da na'urar, ta taɓa nan, ta saurari can. Watan nan za ta ajiye aiki.

Bara aka kawo Yaya Khaula daga Lagdo, za a cire mata ƙari a mahaifa. Yayata gajera ce, amma a faɗi Allah ya yi mata baiwa. Tun tana budurwa take bandar kifi, hayaƙi ya ci ƙirjinta. Tsoronmu ɗaya: ta yi barci, huhun ya ƙi tashi.

Mama ta shinshini zanenta. "Banda ko?" Sai ta zaro tef ta auna tsawonta.

Na ce, "Mama, ɗinkin sallah za a yi mata?"

"Kai, rufe baki. Iska nake aunawa. Huhu tsawo yake bi, ba ƙiba ba. In na hura mata daidai jikin nan, sai ya ji ciwo."

Yaya ta harare ni. "Ka ji ko, ɗan banza? A ciki siririya ce ni."

Fulbert, nas ɗin da ke ciki, shi ya ba mu sauran labarin. An karkata gadon, kai ƙasa, kayan ciki suka danne huhu, na'ura ta hau ƙara. Mama ba ta sako iska da yawa ba. Kaɗan-kaɗan take ba Yaya, tana barin saura a ciki kada huhun ya manne, idonta kan allon na'urar har aka ɗinke.

Da aka zare mata bututun numfashi, Yaya ta yi tari, ta ja numfashi da kanta, ta ce, "Wa na bar wa kifina?"

Ke ce mai gadin numfashi, Mama. Mutane na farkawa su gode wa likita, ke kuwa suna barci kika yi musu naki. Useko, mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku ɗauki wannan haƙurin, tef ɗin ma ta bar wa Fulbert.

Da ku ne, me za ku kai mata? Yaya dai kwandon banda ta kai. Mama ta karɓa, ta ce, "Na gaba a rana za ki busar. Ban tsare huhun nan don ki mayar wa hayaƙi ba."