Kalma ta Goma a Kabarin Mahluf

Albarka ta tabbata ga Alƙalin gaskiya, wanda ya bayar kuma ya karɓe. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Fabrairun 2006, wato sha shida ga watanmu na Shebat, Mahluf Botbol ya cika a gidansa da ke sabuwar Mellah, unguwarmu ta Yahudawa, a nan Meknes ta ƙasar Maroko, yana da shekara saba'in da takwas. Ƙanwarsa Freha ce ta tarar da shi a kujera, tabarau a hanci, shayinsa bai ko huce ba. Ni Amram Sebbag, mai riƙe da mabuɗin majami'armu, ni ta fara kira.

Bari in faɗa maka gaskiya, Mahluf, tunda yanzu ba ka da bakin yi mini tsiya. Kafin hawaye su zo mini, tsoro ne ya fara zuwa. Maza goma cif muka rage a garin nan. Ka tafi, mun koma tara. Kadish kuwa, addu'ar da muke yi wa mamaci, ba a yin ta sai maza goma sun tsaya. Kai da ka yi shekaru kana cika wa kowa goma, ga ranarka ta zo babu mai cika maka.

Shekara arba'in ka yi a shagon nan naka mai warin tsohuwar takarda, tsakanin mujallun zane na jarumai masu fuska a rufe. Duk Juma'a kafin rana ta faɗi sai ka buɗe akwati ka raba wa yara mujallu, namu da na maƙwabtanmu Musulmi, kowa ya ɗauka ya dawo da ita Lahadi. Da tsohuwa Yakot ta makance, kai ne kake zuwa ka zauna gabanta kana kwatanta mata zane ɗaya bayan ɗaya, har da kukan ƙofa da ƙarar takalmi kake yi da baki. Da matata ta rasu, kwana bakwai ka zauna da ni a ƙasa, kuma ko sau ɗaya ba ka ce in yi haƙuri ba. Wannan ban taɓa gode maka ba, ga shi ina yi yanzu da ba ya da amfani.

Amma cikin jaruman nan duka ɗaya ne naka: Mai Toka, dogon nan mai kwat ruwan toka da yake ratsa bango. Masu zanensa ba su taɓa faɗin addininsa ba. Kai kuwa ka rantse namu ne. Ka nuna mini shafin da ya ɗora tsakuwa a kabarin uwarsa maimakon fure, irin al'adarmu. Ka nuna mini yadda yake taɓa dogaran ƙofa duk sa'ad da zai shiga gida, kamar yadda mu muke yi, mutumin da bango ma ba ya tare shi.

"Me zai kai shi taɓa ƙofa, Amram, in ba tarbiyya ba? Ɗan gida ne. Ɓoyewa yake yi, kamar yadda kakanka ya ɓoye."

"Kakana ya yi kaciya," na ce. "Je ka duba naka ka dawo."

Ka yi dariya har da tari. Haka muke, kullum.

Ranar da ba mu yi dariya ba ita ce ta tunawa da rasuwar matarka Simha, shekara biyar da suka wuce. Mu ba ma ƙirga mutane da lamba, kada ido ya kama su. Aya muke bi mai kalmomi goma, kowane mutum kalma ɗaya, kuma kalmomi biyun ƙarshe su ne "har abada". Ran nan ɗaya daga cikinmu, Yahya Elkrief, yana kwance ba lafiya. Na bi kawuna da ayar, ta tsaya a kan "har". Sai ka zaro mujallar Mai Toka daga aljihu ka ajiye a kan benci, a hankali, kamar mai zaunar da baƙo.

"Ƙirga shi," ka ce.

"Takarda? A ɗakin Allah? Kai Mahluf, tsufa ya fara taɓa ka."

"Yau kawai, Amram. Simha ce fa."

Na ɗauki mujallar da yatsa biyu na miƙa maka a gaban mutane. Ka tafi gida ba a yi wa Simha Kadish ba. A shari'a ni ne da gaskiya, har gobe. Amma da Asabar ta zo ka aiko mini da kwanon dafina, abincinmu na Asabar, kamar yadda ka saba, har da ƙwan da nake so. Wallahi da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi.

To ga abin da ya faru ranar Talata, kuma kai kaɗai zan iya gaya wa. Mun buga waya birnin Fes a aiko mana da mutum ɗaya. Aka ce yana hanya. Muka wanke ka, muka kai ka, muka rufe ka, la'asar ta yi, bai iso ba. Daga baya muka ji motarsa ce ta mutu a hanya. Muka tsaya kewaye da ƙasarka, tsofaffi tara, ana yayyafi. Na san amsar, amma aikina ne in ƙirga. Na sunkuyar da kai don kada in ga idon kowa, na bi takalma da ayar. Na kai "har". Sai bakina ya ce "abada", yatsana yana nuna wasu takalma baƙaƙe, busassu ƙarau a cikin wannan taɓo.

Na ɗago. Mu tara ne, duk mun san juna tun muna yara. Na sake sunkuyawa na fara daga ɗaya gefen. Ayar ta sake cika.

"Yaya dai, Amram?" in ji Yahya. "Ka zama gunki. Mun cika ko mu tafi gida?"

Shi ma ya san mu tara ne. Dukansu sun sani. Amma babu wanda ya waiwaya, kowa ya kafe ido a ƙasa. Na ce, "Mun cika." Na yi maka Kadish daga farko har ƙarshe. Da aka amsa amin, akwai wata murya a bayana, ƙasa-ƙasa, da take ɗan makara, kamar ta mutumin da ya daɗe bai faɗi kalmar a fili ba. Ban juya ba. Tsoro na ji, ba zan ɓoye maka ba.

A bakin ƙofa Si Larbi mai gadin maƙabarta ya zuba mana ruwan wanke hannu. Shi Musulmi ne, ƙirga mutum ba ya damunsa. Ya girgiza butar ya ce, "Alhamdu lillahi, Si Amram, ashe kun samu na goman. Dogo ne kuwa. Amma ku ce masa ya nemi likita, hannun nan nasa ruwa ba ya kama shi."

Ban tambayi wani malaminmu a Kasablanka ba, kuma ba zan tambaya ba, don na san abin da zai ce, shi ne abin da na ce maka ranar Simha. In na yi ƙarya a gaban kabari, laifin a wuyana yake, kada a taɓa ladanka. In kuma ban yi ƙarya ba, to ka yafe mini, ɗan'uwana. Ka roƙe ni rana ɗaya tak na hana ka.

Allah ya ji ƙanka, Mahluf ɗan Yosef. Ya sa ƙasar Meknes ta yi maka sauƙi, ya haɗa ka da Simha, ya ɗaure ranka cikin rayayyu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Freha, da 'yarka Sultana da ta taso daga Montreal ta Kanada ta tarar an riga an rufe ka, da mu tara da muka rage muna kallon juna. Allah ya sanyaya zukatanmu.

Shi ma wanda ya tsaya a bayana, ko wane ne shi, ina yi masa ta'aziyya. A duk duniyar nan mutum ɗaya ne ya san shi namu ne, kuma ranar Talata muka binne shi.